Wa Ya Riƙe Masa Igiya?

Kakata ba ta taɓa kiran sunan mahaifina ba, ko sau ɗaya, har ta koma ga Allah. Ɗan farinta ne, kuma a ƙauyenmu da ke gefen Gangara mace mai kunya ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane, ba ta ma nuna ta san ya shigo gida. In ya zama dole ta yi maganarsa, sai ta ce “mutumin nan”. Sauran jama'a kuwa Isa mai rijiya suke ce masa, don ginar rijiya da yasarta ita ce sana'arsa tun kafin a haife ni. Da an gama kai amfanin gona gida, sai ya ɗauki dagi da guga da doguwar igiyarsa ta kaba, shi da ƙanensa Baba Sale, su shiga ƙauyuka. Wani lokaci su yi sati biyu, wani lokaci wata guda. Har wajen Cadakori sun taɓa zuwa aiki. Baba ke sauka cikin rami, Baba Sale ke riƙe igiya a sama, kuma ban taɓa ganin sun yi musaya ba.

Mu yara, in faɗi gaskiya, tafiyarsa ba ta dame mu ba. Lokacin sanyi ne, lokacin da Kaka ke hura wutar kara a ƙofar ɗakinta bayan an ci tuwo, ta ɗora kasko ta zuba aya. Haƙora uku suka rage mata, ba ta iya tauna aya, mu take soya wa. Amma ba kyauta ba. Sai wani ya sosa mata baya, wani ya daka mata goro, ni kuma da take kira mai gidanta sai na sha gori tukuna.

“Ku dubi mijin da Allah ya ba ni,” in ji ta. “Ba cefane, ba zane, sai baki wajen cin aya. Gobe in kai ƙara gun mai gari a raba mu.”

Mu yi ta dariya, ni da ƙannena Rabi da Sani da 'ya'yan Baba Sale, muna ture juna don samun wuri kusa da wuta. In ta ga mun natsu sai ta gyara zama ta ce, “Ga ta nan tahe, ta sha hanya.” Mu ce, “Ta zauna ta huta mu ji ta.” Haka take buɗe tatsuniyarta, ban ji wata tsohuwa na buɗewa haka ba.

Tatsuniyoyinta suna da yawa, na dariya sun fi yawa. Amma akwai guda da ba kullum take kawo ta ba, muna ce mata ta mai 'ya'ya bakwai. Da ta fara ta, mahaifiyarmu Inna sai ta tattara kwanoni ta shige ɗakinta ta sako labule. A lokacin na ɗauka barci ne ke damunta.

Wai an yi wani mutum mai 'ya'ya bakwai a garin da ruwa ya ƙafe. Tafki ya bushe, rijiyoyi suka koma ramuka, yara suna kwana da ƙishi. Sai mutumin ya ɗauki dagi ya fara gina a tsakar gidansa. Da ramin ya fi tsawonsa, ya ɗaura igiya a ƙugu, ya miƙa wa 'ya'yansa bakinta, ya ce musu muddin suna jin muryarsa to lafiya yake, in kuwa suka ji shiru, su ja shi ba tare da tambaya ba. Ya yi ta gina yana magana, suna riƙe suna saurare, har ran nan ƙasa ta yi danshi, ruwa ya ɓulɓulo. Guga na farko suka sha. Na biyu suka yi wanka. Na uku suka zuba a bayan gida, sai kabewa da albasa suka fito. Uban yana ƙasa yana ƙara zurfi don kada ruwan ya yanke musu.

Daga nan babban ya ce bari ya kai kabewa kasuwa, ya bar wa shida igiya. Na biyu ya ce bari ya bi sawun babban. Ɗaya bayan ɗaya, kowa da uzurinsa, kuma Kaka ta kan tsaya a kan kowane uzuri ta nuna mana mai kyau ne, babu wanda ya tafi yawon banza. Har ya rage autan shi kaɗai, hannunsa ya yi kanta. Ya duba ya ga gawo tsaye a bakin rijiya, ya ce ai wannan itacen ya fi shi ƙarfi sau ɗari. Ya ɗaure igiyar tamau a jikin gawon, ya tafi shan inuwa.

A nan Kaka take sassauta murya, ta tura kara cikin wuta. “Gawo ya riƙe,” take cewa. “Wallahi ya riƙe, bai saki ba. Amma itace ba shi da kunne, ɗiyana. Mutumin ya yi shiru can ƙasa, gawo shina tsaye abinai.”

Da 'ya'yan suka dawo suka ja, igiya kaɗai ta fito. Uban ya narke ya koma murya. Shi ya sa har yau in ka leƙa rijiya ka yi magana sai ka ji an maimaita maka. Shi ne, ya manta maganar bakinsa, yana ara taka ko wani zai ji ya ja shi. Sai ta kakkaɓe zanenta ta ce tatsuniya ta ƙare, wanda ya ji ya ji, wanda ya yi barci ya yi asara.

Abin da muka ɗauka daga cikinta shi ne wasa. Da safe mu ruga rijiyar gari mu leƙa mu ce “Ƙaton kai!”, rijiya ta ce mana ƙaton kai, mu faɗi ƙasa don dariya. Da na yi shekara biyu a lakol, wato makarantar boko, sai na zo mata da ilimi. Na ce mata babu kowa a cikin rijiya, amsa-kuwwa ce, muryar mutum ce ke bugun bango ta dawo.

“To, malam,” ta ce. “Tunda ka san mi ke dawo da murya, ka san mi ke ɗauke ta?”

Na ci gaba da cin ayata.

Baba ba mai yawan magana ba ne a gida. In ya dawo daga aiki, jakinsa ɗauke da damman hatsin da aka biya shi da su, sai ya zauna a zaure yana tari, Inna ta kawo masa ruwan zafi ya jiƙa hannuwansa. Farcensa duk sun fashe, tafin hannunsa ya yi tauri har ƙaya ba ta shigarsa. Ba ya cin abinci sai ya tambaya ko yara sun ci. Kowa da tsarabarsa a aljihun riga, ko da alewa guda ce a raba. Kuma bai taɓa yarda ɗayanmu ya sa ƙafa cikin rami ba. Ran da Sani ya roƙe shi ya bar shi ya sauka ya gani, ya daka masa tsawar da ban taɓa ji daga bakinsa ba, ya ce shi ya riga ya shigar wa kowa a gidan nan. Shi ya kai ni lakol a Agiye da ƙafarsa, da buhun gero a kan jaki don mai masaukina.

A cikin rijiya kuwa bakinsa ba ya hutawa. Na gane haka ne wani hutu da na bi su wani ƙauye, na zauna kusa da Baba Sale. Baba ya fara zura fitila a igiya har ƙasa, ta ci gaba da ci, sannan ya yi bisimilla ya sauka. Can sai na ji muryarsa tana tasowa tare da sarar dagi, ba waƙa ba ce sosai, don ba shi da muryar waƙa. Mutanen gidansa yake jerawa, kowace sara da mai ita.

“Wagga ta Rabi. Wagga ta Sani. Wagga ta uwassu. Wagga ta tsohuwa. Wagga ta ɗan lakol.”

Ni ne ɗan lakol. Ni ma ɗan fari ne, shi ma ba ya kiran sunana.

Na tambayi Baba Sale me ya sa yake wahalar da numfashinsa haka. Ya ce mini, ba tare da ya ɗauke kunnensa daga bakin rijiyar ba, fitila ba ta faɗin gaskiya duka. In aka tono baƙar laka ta ƙasan tsohuwar rijiya, wata muguwar iska ta kan taso, ba ta da launi, ta kwantar da mutum kafin ya iya ihu. Saboda haka mai riƙe igiya ba ƙarfi ake nema a gunsa ba. In ƙarfi ne, da jaki aka ɗaura wa.

Muna cikin haka aka kira sallar azahar. Mutanen da ke kewaye duk suka yi tsit suna amsawa a zuci, kamar yadda kowa yake yi. Daga ƙasan ramin kuwa sai ga muryar Baba tana amsa wa ladan da iyakar ƙarfinsa, kalma bayan kalma. Baba Sale ya dube ni ya ce, “Ka ji? Ko kiran salla ba ya sa shi shiru. Ran da ka ji ya yi shiru, ko wa ke magana a duniya, ja. In ka ja shi a banza, ya hito ya zage ka, ba komi.”

Ciwon ƙirji ne ya ɗauke Baba Sale ina makarantar horon malamai. Matarsa da 'ya'yansa biyar suka koma hannun Baba, bai ko tsaya shawara da kowa ba. Rani uku ni na riƙe masa igiya a lokutan hutu, kuma na iya. Sau biyu na ja shi a banza, ya fito yana faɗa, ina dariya. Da na sami aikin koyarwa a Agiye na ce masa ya isa haka, ya ajiye dagi. Ya ji maganata shekara biyu.

Shekara ta uku ruwa ya ɗauke da wuri, tsutsa ta ci abin da ya rage a kan gero. Rani bai raba ba aka fara ganin ƙasan rumbu, ga baki goma sha ɗaya a gida. Ina aika abin da zan iya, amma albashin sabon malami bai kai ko'ina. Sai mutanen wani ƙauye kudu da Agiye suka aiko masa, rijiyarsu guda ta cushe, in ya yashe musu za su ba shi damman hatsi.

Ran Laraba ina cikin aji ina rubutu a allo, sai na ga yara sun juya suna kallon ƙofa. Baba ne tsaye, cikin tsohuwar rigarsa ta aiki da laka ta rina, igiya naɗe a kafaɗa. Wasu daga cikin yaran 'yan ƙauyen nan ne da suka aiko masa. Na fita da sauri na ja shi bayan aji.

“Asabar ba ku da aiki, ko?” ya ce. “Yasa ce, ba gina ba. Yini guda mu gama.”

“Baba, don Allah. Shekarunka sun wuce shiga rami. Ka bari in ga abin da zan yi ƙarshen wata.”

“Ban zo ka ƙidaya mini shekaru ba. Kunne nike biɗa.”

Na ce masa ran Asabar muna da taron malamai. Ƙarya ce, babu wani taro. Lissafin da na yi shi ne, tun da nake ban taɓa ganin ya sauka ba sai wani ɗan gidansa ne a sama, saboda haka in na ƙi zuwa dole ya haƙura ya koma gida. Na daɗe ina gaya wa kaina tausayinsa ne ya sa na yi ƙaryar. Akwai tausayi a ciki, ban musa ba. Amma akwai kuma yaran nan da za su ga malaminsu durƙushe a bakin rijiya da laka har gwiwa, su zo Litinin suna ba da labari. Wannan ma yana ciki, kuma ni na san wanne ya fi nauyi a ranar.

Ya dube ni kaɗan, ya ce, “To, Allah shi taimaka.” Ya zaro ƙullin aya daga aljihu, ya ce tsohuwa ta ce a kawo wa mai gidanta. Ya gyara igiyarsa ya tafi.

Ran Asabar ina ƙarƙashin dogon yaro a ƙofar gidan wani abokina, muna shan shayi muna dara. Da la'asar wani mutum ya zo a kan babur yana tambayar malami ɗan Isa mai rijiya. Tun kafin ya sauka na san abin da ya kawo shi.

Mai garin ƙauyen ne ya ba ni labari, gawar tana kwance a zaurensa an lulluɓe ta da zane. Ya ce sun zaɓo masa majiya ƙarfi huɗu, manoma, babu rago a cikinsu. Ya ce Baba ya gaya musu tun da safe, in sun ji shiru su ja. Ya zura fitila, ta ci. Ya sauka, ya yi ta aiko da laka, suna zubarwa, aiki yana tafiya lafiya har rana ta take.

Ɗaya daga cikin mutanen huɗu ya karɓe maganar, idonsa jawur. “Shina ta kiran sunayen mutane, mu ba mu san su ba. Har da wani ɗan lakol. Sai aka tada kiran azahar, ya yi shiru. Muka ce ai salla ake kira, wa zai yi magana? Mu ma muka yi shiru. Da ladan ya ida muka yi addu'a, muka kira shi, bai amsa ba. Wallahi malam ba mu saki igiya ba. Ko ɗan yatsa ba mu sassauta ba.”

Ladaninsu tsoho ne mai jan murya. Na ji shi da kunnena da magariba, na zauna ina auna tsawon kiran, ina ganin inda da ni ne da tuni na ja. A kabbara ta biyu da na ja. Ban iya jin haushin mutanen nan ba, ko da na so. Abin da kowane musulmi zai ɗauka suka ɗauka. A duk faɗin ƙasar, bayan Baba Sale, mutum guda ne ya san shirun Baba a lokacin kiran salla ba ladabi ba ne, kuma wannan mutumin yana Agiye yana jiran shayi na uku.

Kaka tana da rai a lokacin, idanunta sun tafi. Kwana uku ana zaman makoki ba ta zubar da hawaye ba, don uwa ba ta kukan ɗan fari a gaban jama'a. In aka yi mata gaisuwa sai ta ce a je a yi wa 'ya'yansa. Ran na uku, bayan mutane sun watse, ta sa Rabi ta kira ni. Na same ta zaune a ƙofar ɗakinta, a wurin da take hura mana wuta.

“Wa ya riƙe mishi igiya?”

“Mutanen garin, Kaka. Su huɗu, majiya ƙarfi.”

Ta ce, “Gawo huɗu.” Ta juyo da fuskarta inda take jin numfashina. “Kai kana ina?”

Na so in ce taro. Bakina ya ƙi. Na ce ina Agiye, ina shan shayi.

“Sau nawa na ba ka tatsuniyar, Haruna?”

Ban taɓa jin sunana a bakinta ba sai ranar, kullum mai gida ne. Daga ranar kuma ba ta sake ce mini mai gida ba. Ta yi shekara guda bayansa, tana amsa gaisuwata, tana sa mini albarka in na kawo goro, amma wasa ya ƙare tsakaninmu. Rabi ta ce ko jikoki sun taru sun roƙe ta, ba ta sake yin tatsuniya ba.

Sai daga baya na zauna na haɗa abin da yake a fili tun ina yaro. Ba ta kawo ta mai 'ya'ya bakwai sai Baba yana wajen aiki, kuma sai ya wuce ranar da ya ce zai dawo. Inna ta gane, shi ya sa take shigewa ɗaki. Tsohuwar nan tsoro ne ke cinta, kuma al'ada ta hana ta cewa ina tsoron kada ɗana ya mutu a rami. Ba ta da ikon kiran sunansa, balle ta roƙa masa wani abu. Sai ta soya aya ta tara mu, ta yi ta neman wanda zai tsaya masa a bakin rijiya in Sale ya kau. Ni ta zaɓa, ni take zaunarwa kusa da gwiwarta. Akwai lokacin da na ɗora wa kunyar nan tamu laifi, na ce da ta faɗa mini ƙarara da na ji. Amma ƙarya nake yi wa kaina. Ta faɗa ƙarara, Baba Sale ya faɗa, Baba da kansa ya tako har ƙofar ajina ya faɗa.

Mutanen ƙauyen sun aiko da damman hatsin cif, har da ƙari. Da su aka ci tuwo a gidanmu har saukar damina, ni ma na ci in na je. Rijiyar tana nan, wani ya ƙarasa yasar, ana sha. Yanzu ma an kafa musu famfo, yaran garin ba su san an taɓa yin wani Isa ba. Mu kuwa da ya shigar wa rami, duk mun tsira kamar yadda ya so. Sani yana da shago, Rabi tana ɗinki, 'ya'yan Baba Sale sun girma, babu wanda ya taɓa sa ƙafa a rijiya.

Igiyar tana ɗakina, rataye a bayan ƙofa, kabar ta fara rubewa. 'Ya'yana sukan ce in yi musu tatsuniyar Kaka, in yi musu na dariya, in tsallake guda. Har yanzu ina koyarwa a Agiye. Kullum da azahar in ladan ya ɗaga murya, yara sukan ajiye alli su yi tsit, ajin ya yi shiru gaba ɗaya. Ni kuma ina tsaye a gaban allo, sai in ga hannuwana sun dunƙule sun fara ja.